Baƙuwar da Tonka Ta Sa Aiki

A Jelov Dol har gobe in aka ambaci Tonka Rukavina, akwai mai taɓe baki ya ce, "Ai ita ce ta tona mana asiri." Ya faɗa da safe, da yamma kuma ka gan shi ya nufi gidanta da ƙwai a cikin hula. Mu dai haka Allah ya yi mu, ba ma saurin yafe wa wanda ya taimake mu.

Tonka 'yar auta ce a gidan da ke bakin daji, can inda hanya ta ƙare. Tun tana budurwa ta kama girki a masana'antar katako, ta shekara talatin da ɗoriya tana cika cikin ƙarti da dankali da wake da kabeji mai tsami. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa ya fi wuƙarta kaifi. Wanda ya rage abinci a kwano sai ta bi shi har gindin inji ta tambaye shi ko a gidan ubansa haka ake yi. A nan ta haɗu da Joso, wani dogon mai saran itace da ba ya magana sai ta kama dole. Kullum sai ya dawo da kwano a ƙara masa, ya tsaya yana kallon ludayi kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Da abin ya ishe ta ta ce, "Kai, ko dai ka aure ni, ko ka bar tukunyata ta huta." Joso ya ce, "To." Iyakar zancen da suka yi ke nan kafin a je coci.

Shi ya gina musu gida da itacen da ya saro da hannunsa. Lokacin yaƙi suka bar shi suka gudu a bayan tarakta, da suka dawo suka tarar babu rufi, ya sake hawa ya rufa. 'Yarsu ɗaya ce, Nevenka, tana aiki a Jamus. Masana'anta ta rufe, makaranta ta bi bayanta, yara suka watse neman abinci, ƙauyen ya koma na tsofaffi da karnukansu.

Wani hunturu Joso yana faskare a bayan gida sai gatari ya suɓuce masa, ya zauna a kan dusar ƙanƙara bai ƙara tashi da kansa ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Maganar da dama can ba ta da yawa ta ƙara wuya, kalma ɗaya sai ya jawo ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Tonka ta kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da murhu, ta juya gadon ya fuskanci taga don ya riƙa ganin dajinsa.

Abin da ya riƙe gidan nan shi ne Sista Zdenka, ma'aikaciyar jinyar da gunduma ke biya ta zagaya ƙauyuka a wata 'yar farar mota. Talata da Juma'a take zuwa. Su biyu suke yi wa Joso wanka, su juya shi, su sauya shimfiɗa, Sista ta wanke gyambon da kwanciya ta fitar masa a ƙugu. Joso ya rame, amma ƙashin mai saran itace ba ya ramewa, bayan Tonka kuwa ya daɗe da gajiya. Nevenka ta faɗa mata a waya ba tare da ɓoye-ɓoye ba: "Mama, ranar da Sista ta daina zuwa, Baba zai koma gidan kula da tsofaffi a birni. Na riga na sa sunansa a layi. Ba zan rasa ku duka biyun a lokaci guda ba." Tonka ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ce. Gidan tsofaffin ba shi da wani aibu, tsaf yake, da ɗumi, da abinci a kan kari. Amma Joso ya ji maganar daga kan gado, ya kwana biyu bai karɓi cokali ba.

Da kaka ta shigo sai ga labari. Gunduma ta fito da sabon tsari: kafin a tsara aikin lafiya da jin daɗin jama'a, kafin a raba kasafin shekara mai zuwa, za a bi ƙauye-ƙauye a ji ta bakin mutane. Stipe ne ya kawo labarin, shi ne shugaban kwamitin ƙauye, tsohon abokin saran Joso, mai ciwon suga da ƙafa ɗaya da ta ƙi warkewa.

"Manya za su zo daga gunduma," in ji shi. "Wai su ji matsalolinmu."

"Wace matsala?" in ji Tonka. "So kake su zo su tarar da mu kamar mabarata? Ka nemo rago. Ni zan yi naɗin kabeji."

To, a nan sai an yi mana uzuri. A wurinmu baƙo ba ya ganin ƙura, ba ya jin ƙorafi, ba ya taɓa aiki. Ko gawa ce kwance a ɗaki, sai an ba shi kujera an dafa masa gahawa tukuna. In ya tambaye ka lafiya, amsar ita ce lafiya lau, ko da kuwa haƙori kake cizawa. Rashi ba abin kunya ba ne a wurinmu, a gan shi ne abin kunya. Da wannan aka raine mu, da shi muka tsallake yunwa da yaƙi kanmu a sama, kuma ba wanda ya taɓa ce mana akwai ranar da zai cuce mu.

Mako guda ƙauyen na shara da goge-goge. Ranar zuwan baƙi aka jera tebura a zauren 'yan kwana-kwana, ga gasasshen rago, ga cuku, ga kyafaffen nama, ga kek ɗin tuffa, ga rakija, giyar da Stipe ke dafawa da 'ya'yan itacen lambunsa. Tsohuwa Ika, wadda idonta ya kusa tafiya, ba ta kuma iya taku sai da sanduna biyu, ta sa an zaunar da ita tun kafin baƙi su iso, aka ɓoye sandunan a bayan ƙofa. Stipe ya cusa kumburarriyar ƙafarsa cikin takalmin zuwa coci, yana murmushi gumi na keto masa.

Shugabar tawagar wata mata ce siririya mai suna Jasna, ita ke riƙe da sashen tsare-tsare, tare da ita akwai likita mai gemu. Ta miƙe ta ce, "Iyayena, ba mu zo mu gaya muku komai ba, ji muka zo yi. Abin da ke hannunmu ba zai kai ko'ina da ko'ina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku nuna mana wurin."

Can Stipe ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, mu nan sai godiya. Iskarmu mai kyau, ruwanmu mai kyau. Ku ci naman nan kada ya huce."

Likita ya tambayi Ika ya idanu. Ta ce, "Garau, ga ki nan ina ganin ki, kyakkyawar yarinya da ke." Aka kwashe da dariya, baƙi suka ɗauka tsohuwa ce mai barkwanci.

Daga nan suka bi gida-gida. Tonka kuwa tun asuba take fama. Ta aske Joso, ta yi ta kokawa har ta sa masa kwat ɗin da ya sa a bikin Nevenka, ta kira Stipe suka ɗora shi a kujera, ta tokare shi da matasai ta kowane gefe, ta rufe mataccen hannun da bargo. Fo da ƙunzugu da magunguna duk ta kwashe ta kai ɗakin itace. Ta buɗe tagogi, ta ɗora gahawa don ƙamshi ya cika gida.

Jasna ta zauna ta dubi ɗakin, ta dubi tsohon da ke zaune tsaf kamar alƙali. Ba wawiya ba ce, ta ɗan jima tana kallon bargon nan. Ta ce, "Inna, ku biyu ne kawai? Kina iyawa kuwa?"

"Haba, ranki ya daɗe," in ji Tonka. "Matar da ta ciyar da ƙartin masana'anta guda, namiji ɗaya ne zai gagare ta? Sista tana leƙo mu dai, mu sha gahawa, mu taɓa hira."

"Baba, ya jiki?"

Joso ya tattaro ƙarfinsa ya ce, "Da sauƙi." Kwana da kwanaki suna bitar kalmomin nan biyu, suka kuwa fito sumul. Daɗi ya kama Tonka har ta ji ƙwalla. Ta cika wa baƙi jaka da cuku, ta raka su har mota, ta dawo tana ce wa Joso yau sun fita kunya.

Ba a yi wata guda ba, wata Juma'a Sista Zdenka ta shigo ko gaisuwar kirki babu. Ta dire jakarta a kan tebur ta ce, "Goggo Tonka, ashe gahawa nake zuwa sha a gidan nan?"

"Me ya faru kuma?"

"An fitar da daftarin tsari. Daga sabuwar shekara an mayar da ranakuna biyu na nan zuwa ƙauyukan da ke bayan dutse. Ku sau ɗaya a wata za a riƙa leƙo ku. An rubuta cewa tsofaffin Jelov Dol masu ƙarfi ne, suna riƙe da kansu, abin koyi ne."

Tonka ta nemi kujera ta zauna. "Ke ba ki gaya musu ba?"

"Na faɗa har bakina ya bushe. Suka ce, Sista, mun je da ƙafarmu, mun tambayi mutane da bakinsu. Wa za su gaskata, ni ko masu ciwon? Mutanen bayan dutse ba su yanka rago ba, Goggo. Ɗaki suka kai su, suka ɗaga bargo."

"Marasa kunya."

"To, marasa kunyar sun samu."

Tonka ta waiga wajen ƙofar ɗakin Joso, ta rage murya. "So kike in dubi baƙuwa in ce mata mijina yana ɓata shimfiɗa? Joso? Mutumin da ke saɓa gungume shi kaɗai?"

Sista ta sassauta. Ta daɗe tana shiga gidan, ta san abin da ke ciki. Ta ce, "Ba a rufe ƙofa ba tukuna. Akwai taron jin ra'ayin jama'a a hedkwata kafin majalisa ta zauna. Kowa na da damar magana. Ki je ki faɗa. Kun yi wa kanku sakiyar da ba ruwa, ku ne kuma za ku gyara."

Ranar taron Tonka ta bar Ika zaune a gefen gadon Joso, makauniya na gadin gurgu, in ji ta, ta sa baƙar rigar sanyinta ta bi bas ɗin safe. Duk hanya tana shirya magana a ranta, ta jera ta tsaf kamar yadda take jera kwanuka.

Zauren ya cika. Ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ana miƙa musu makirfo. Wani ya yi maganar motar asibiti da ke ɓata lokaci kafin ta iso, wata ta yi maganar masu shaye-shaye. Sai wata yarinya daga bayan dutse ta tashi, ba za ta wuce sa'ar Nevenka ba, ta yi bayanin ɗanta da aka haifa da lalura, ba ya zama, ba ya haɗiya sai da dabara. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗi komai dalla-dalla, har abin da ba a faɗa a gaban maza, ta ce zuwan Sista zai sa ta riƙa samun barci. Tausayi ya kama Tonka. Ashe bargon da ta zo ja, a jikin wannan yarinya yake.

Aka kira Jelov Dol. Ta miƙe, aka sa mata makirfo a hannu.

"Sunana Tonka Rukavina," in ji ta. "Mijina..."

Ta ɗaga kai ta ga fuskoki. Ga wasu tsofaffin ma'aikatan katako da ta sha zuba wa miya, ga 'ya'yan waɗanda suka yi sara da Joso, waɗanda aka raina da labarin ƙarfinsa. Duk sun juyo suna murmushi don sun ji sunan. Maganar da ta jera a bas ta watse. Ta ji kamar an ce ta tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

"Mijina yana gaishe ku," in ji ta.

Aka tafa mata. Ta zauna, ba ta ƙara jin abin da aka faɗa ba har aka tashi.

Ta iso gida da yamma ta tarar Nevenka ta bugo waya. Gado ya samu a gidan tsofaffi, ana son amsa kafin Kirsimeti. Tonka ta sallami Ika, ta ɗumama miya, ta zauna a bakin gado tana ba Joso. Da ta ga ya kafe ta da ido sai ta ajiye cokali.

"Na kasa, tsoho," in ji ta. "Na je har can, na riƙe abin maganar a hannuna, na kasa. Na ce kana gaishe su. Ka ji shashancin da matarka ta yi. Da bakina na kore Sista, da bakina kuma na kasa dawo da ita." Sai hawaye, ita da ko a jana'izar uwarta sai da ta shiga ɗakin itace sannan ta yi kuka.

Joso ya daɗe yana motsa baki. Ta san alamar, ta jira.

"Kira ta."

"Wa?"

"Baƙuwar."

"In ce mata me? Ai na gaya maka bakina ba ya iyawa."

"Ba... faɗa ba." Ya huta. "Wanka. Ta gani."

Tonka ta zuba masa ido. "Ka san abin da kake cewa kuwa? Yarinya ce sa'ar 'yarka. Komai za ta gani, Joso. Komai."

Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya dafa ƙirjinsa. "Jikina ne," in ji shi. "Na yarda." Ya sake jan numfashi. "Ranar wanka..."

Sauran ya maƙale. Tonka ta ƙarasa masa, "Ba a ɓoyon cibi." Rabin fuskarsa ya yi dariya. Ta kama hannun ta riƙe, ta ji son mutumin nan ya cika mata zuciya fiye da ranar da ya ce mata to. Duk tsawon lokacin nan tana tsaron mutuncinsa, ba ta taɓa tambayarsa me shi yake so a yi da shi ba.

Washegari ta karɓi lambar Jasna a wurin Sista ta buga. "Tonka ce, ta Jelov Dol, wadda ta miƙa gaisuwar miji a taro. Ki zo gidana da safe, ranar da ba ta Sista ba. Ki zo ke kaɗai. Kada ki sa kaya masu kyau."

Safiyar da Jasna za ta zo, Tonka ta sha wahalar da ba ta sha ba a duk jinyar nan. Hannunta na ƙaiƙayin tsintsiya. Ta ɗauko kofunan baƙi ta mayar, ta sake ɗaukowa ta sake mayarwa. Ta bar taga a rufe, ta bar fo a inda yake kwana, ta bar zannuwan jiya a cikin bokiti. Da ta ji tsayawar mota sai da ta riƙe bakin tebur.

Jasna ta shigo da 'yar tsarabarta a hannu. Warin ɗakin ya tare ta a bakin ƙofa, ta yi ƙoƙari ba ta nuna ba.

"Ajiye jakar," in ji Tonka. "Ga ruwa can, wanke hannu. Ga safar hannu. Zo ki tsaya ta wancan gefen."

Tun da aka gina cocin Jelov Dol ba a taɓa jin an sa baƙo aiki ba, balle baƙon da ko ruwa ba a ba shi ba. Da uwar Tonka na da rai da ta suma.

Tonka ta yaye bargo. Ta nuna mata inda za ta sa hannu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu. "In na ce ja, ki ja wajenki, kada ki sake shi ko da bayanki zai tsinke." Suka ja. Nauyin ya ba Jasna mamaki, ƙafarta ta zame, Joso ya tafi kamar zai faɗo, ta tare shi da ƙirjinta tana haki. A nan ta ga gyambon, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ta ga shimfiɗar da ya kwana a kai. Joso ya kafe idonsa a kan katakon rufi, wuyansa ya yi ja.

Tonka tana wanke shi tana rufe duk inda ta gama da tawul, tana yi masa surutun da ta saba. "Tsoho, yau ka samu mata biyu a kanka, kada dai ka saba. Ɗaga mini wannan hannun, malalaci. Yawwa." Suka sauya zane, suka sake juya shi, suka ja shi sama ya hau matashi. Kafin su gama rigar Jasna ta jiƙe sharkaf.

Ta zauna a kan akwatin itace. Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, ranakun da Sista ba ta zuwa, wa ke kama miki?"

"Zanen gado. In ɗaure shi a ƙafar gado in ja. Wata rana ya yiwu, wata rana mu kwana yadda muke."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba? Na tambaye ki fa."

"Ke baƙuwa ce."

"Yanzu fa?"

"Yanzu kin ga abin da 'yar cikinsa ba ta taɓa gani ba, wace baƙunta ta rage? Tashi ki ɗora mana gahawa, ga tukunya can."

Jasna ta tashi, amma sai da ta fara zuwa bakin gado ta durƙusa ta ce, "Baba, na gode." Joso ya lumshe ido.

Suna shan gahawa ta gaya wa Tonka gaskiya. "Ba zan yi miki alkawarin da ba zan cika ba. Gida ɗaya ba zai motsa majalisa ba. Za su ce a kai shi birni, ya fi sauƙi. In da a ce ƙauyen ne gaba ɗaya..."

Tonka ta ajiye kofi ta ɗauki mayafinta. "Taso."

Ba aike, ba sanarwa, ta tura ƙofar Ika. Suka same ta tana lalube a gaban murhu, da ƙuna ɗanya a bayan hannu, tana neman ashanar da ke gabanta. Suka wuce gidan Stipe suka same shi da ƙafa a cikin roba, yatsu biyu sun yi baƙi. Ya yi wuf zai rufe da tawul, ina, an riga an gani. Ya dubi Tonka ya ce, "Kin ci amanar gari." Ta ce, "Na ci. Nuna mata ɗaya gefen." Haka suka bi gidajen da suka rage, wasu suka buɗe, wasu suka rufe ƙofa a fuskarsu. Ranar Lahadi a coci ba wanda ya matsa wa Tonka a benci.

Majalisa ta zauna a farkon Disamba. Sista ce ta kawo sakamako: an dawo wa Jelov Dol da Talata, Juma'a kuwa ta tafi bayan dutse tun daga makon, ba sai an jira sabuwar shekara ba. Tonka ta tuna yarinyar nan mai ɗa, ta ce, "An yi adalci." Ta faɗa da gaske, amma ta san rana ɗaya a mako ba za ta ishi gyambon nan ba, ba kuma za ta ishi Nevenka ba.

Juma'ar da ta biyo baya, tana tsaye tana ɗaura zane a ƙafar gado don ta gwada yadda abin zai kasance, sai ta ji ana buga dusar ƙanƙara daga takalmi a bakin ƙofa. Stipe ne, yana ɗingishi, ƙafar naɗe da sabon bandeji. Tun ranar nan bai ƙara gaishe ta ba, yau ma bai gaishe ta ba. Ya rataye hularsa, ya naɗe hannun riga.

"Tunda kin tona, sai ki matsa," in ji shi. "Ina zan kama?"

Ya sa hannu a kafaɗar Joso ya ce, "Abokina, mun juya gungumen da ya fi ka." Suka juya shi cikin sauƙi. Kafin mako ya zagayo matar maƙwabci ta ce ita za ta riƙa zuwa ranar Lahadi bayan coci, Tonka kuma ta ɗauki girkin Ika, tunda dama tukunyarta ba ta iya dafa na mutum biyu ba. Shekara da shekaru muna zaune ƙofa da ƙofa, kowa na ɓoye wa kowa abin da kowa ke fama da shi. Daga baya Jasna ta sa Tonka cikin kwamitin da ke zagayawa jin ra'ayin ƙauyuka, in za su je wani wuri takan riga su aika saƙo: ku bar ragonku ya yi kiwo, ku fito da fo. Amma wannan daga baya ne.

Ana saura kwanaki Kirsimeti Nevenka ta bugo. Tonka ta zayyana mata komai, Talata Sista, Juma'a Stipe, Lahadi maƙwabciya, gyambo ya fara tsukewa. Nevenka ta ce, "Mama, kin sha ce mini lafiya lau alhali ba lafiya ba. Yau ma haka ne?"

"A'a. Bayana na ciwo, ina gajiya, wani lokaci in zage shi. Amma muna iyawa. In mun kasa zan faɗa miki, na koyi faɗa."

"To me zan ce wa masu gidan tsofaffi? Gobe suke son amsa, gadon na jira."

"Ba ni za ki tambaya ba," in ji Tonka. Ta je ta kara wayar a kunnen Joso, ta riƙe masa.

Ya daɗe yana jawo maganar. A can Jamus Nevenka tana jira, nan ma Tonka ba ta taya shi ba.

"A ba wani," in ji Joso. Ya huta, ya dafa katifa da hannunsa mai lafiya. "Ina da nawa."